Kashe ƙwan lantarki yana rage cin kati, ko faɗan banza nake yi da yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano. An sa mana mita mai kati, kuma layinmu yana cikin waɗanda aka mayar rukunin A. Katin naira 10,000 ba ya yi mana mako guda. Kullum ina cikin faɗa da yara a kan su riƙa kashe ƙwai idan sun fita daga ɗaki, har na ji sun fara kirana "Baba NEPA" a bayan idona. Wani maƙwabcina kuma ya ce ɓata bakina nake yi, wai kunnawa da kashewa ya fi cin wuta a kan a bar shi a kunne, kuma yana kashe ƙwan da wuri. Shin kashe ƙwai yana rage wani abin kirki? In yana ragewa, yaya zan yi iyalina su saba ba tare da na zama mafaɗaci ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba ɓata bakinka kake yi ba. Kashe ƙwai yana rage cin kati, sai dai yawan abin da zai rage ya dogara da irin ƙwayayen da ke rataye a gidanka, kuma ba ka faɗa mini irinsu ba. Idan tsofaffin nan ne masu zare a ciki, waɗanda ba sa taɓuwa da hannu in sun jima a kunne, to faɗanka yana da hujja babba. Idan kuwa LED ne duka, wato sababbin ƙwayayen nan marasa cin wuta sosai, akwai riba, amma ba ta kai yawan faɗan ba, kuma ina zargin ɓarawon katinka yana wani lungu na gidan. Na daɗe ina aikin wayarin na gidaje da haɗa sola, kuma mafi yawan gidajen da aka kira ni a kan "mitar nan gudu take yi", na tarar mitar lafiyarta ƙalau.

Mu fara da abin da kake saye. Yunit ɗin da kake gani a fuskar mita, ma'anarsa wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, wat kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da abu yake ja. Abu mai wat 100 zai cinye yunit guda a awa 10, mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100. Lissafin ke nan gaba ɗayansa: wat sau awa, a raba da 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit na 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225. Bayan wata guda aka sauke shi zuwa 206.80, a watan Yulin 2024 kuma ya koma 209.50. In ka ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan wannan, ka sake komawa wajen 225 ɗin, don haka da ita zan yi lissafi. Kai dai ka ɗauko rasit ɗin katinka na ƙarshe, ka raba kuɗin da yawan yunit ɗin da aka ba ka, shi ne farashinka na gaskiya. In ana cire maka tsohon bashi daga kowane kati, zai fito ya fi haka tsada. A kan naira 225, dubu goma yunit 44 ce da 'yan kai. Tunda ba ta yi muku mako, gidanka yana cin sama da yunit 6 a rana.

Yanzu ɗauki ƙwai mai zare na wat 60. In yana yin awa 10 a kunne kowace rana, a wata ya ci yunit 18, wato naira 4,050. Yayansa na wat 100, wanda aka fi so a zaure da tsakar gida, yunit 30 zai ci, naira 6,750, shi kaɗai ya lashe kashi biyu cikin uku na kati guda. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na mai wat 60 ɗin nan, yunit 2.7 zai ci a wata, kuɗinsa bai wuce naira 610 ba. Dalilin wannan tazara shi ne tsohon ƙwai ɗan ƙaramin murhu ne. Wuta ce take gasa zaren cikinsa har ya yi fari fat, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na abin da ka biya zafi yake zama, ɗan ragowar ne haske. Ka duba fa, a cikin watan Afrilu a Kano mutum ya biya kuɗi a ƙara masa zafi a ɗaki, sannan ya sake biyan wani kuɗin fanka ta kaɗa masa shi.

A ce gidanka yana da ƙwai 12 idan an haɗa zaure, tsakar gida, ɗakuna, kicin, banɗaki da ƙofar gida. A ce kuma kowannensu yana yin awa 5 a rana yana haska bango, babu kowa a wurin. In masu wat 60 ne, asararka yunit 108 ce a wata, sama da naira 24,000. In LED ne masu wat 9, yunit 16 ce, wajen naira 3,600. Dubu uku da ɗari shida ba abin yarwa ba ce, ta fi sulusin kati ɗaya, amma ka ga inda babban ramin yake. Shi ya sa nake gaya wa kowa, kafin ka fara koya wa yara kashe ƙwai, ka hau kujera ka karanta abin da aka rubuta a jikin kowane ƙwai na gidanka. Duk mai zare da ka samu, ka cire shi a ranar. Doguwar fitilar nan mai cok da sitata, wato 'yan na'urorin da ke tayar da ita da daidaita mata wuta, wadda aka rubuta wa wat 36, da cok ɗinta tana shan wajen 45, ita ma lokacinta ya wuce. Mai murɗaɗɗen gilashi da ake ce wa enaji yana da dama-dama, ka bar shi har ya mutu sannan ka sa LED a gurbinsa, amma in ya fashe kada yara su yi wasa da shi, akwai sinadarin makuri mai guba a ciki.

Wannan ba dabarar gida ɗaya ba ce. A 2007, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo wuta ta yi ƙaranci a Gana, gwamnatin ƙasar ta raba ƙwayayen enaji miliyan 6 kyauta, tana karɓar tsofaffi masu zare. Abin da ake ja a lokacin da kowa ya kunna wuta da daddare ya ragu da sama da megawat 120, kamar an gina wata ƙaramar tashar lantarki ba tare da an ɗora bulo ko ɗaya ba. Ba a canza halin kowa ba a lokacin, ƙwai aka canza.

Idan ka je saye, kada lambar wat da aka buga ɓaro-ɓaro a kwali ta ruɗe ka, kasuwa cike take da masu ƙarya. Ka nemi inda aka rubuta lumen, shi ne ma'aunin haske. Lumen 800 ya ishi matsakaicin ɗaki, banɗaki da sito kuwa rabin haka ma ya yi. Ka duba kuma ko an rubuta yana aiki daga wajen bolt 100 zuwa 240 ko fiye, domin irin wutarmu mai hawa da sauka ita ce ajalin ƙwai mai arha. Ka ɗaga shi a hannu. Wanda ka ji shi sakayau kamar kwalin ashana, babu ƙarfen da zai janye masa zafi a ciki, ba zai kai ka ko'ina ba.

Sai maganar maƙwabcinka. Ba ƙirƙirarta ya yi ba, akwai inda ta samo asali, amma ya riƙe ta a baibai. Gaskiya ne zaren tsohon ƙwai in yana da sanyi yakan fizgi wuta ninki goma ko fiye a lokacin da aka kunna shi, shi ya sa yawancinsu a daidai kunnawa suke yin fau su mutu. Amma wannan fizgar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Duk abin da ta ci bai wuce abin da ƙwan zai ci a daƙiƙa ɗaya ko biyu yana kunne ba. Saboda haka in za ka fita daga ɗaki na minti ɗaya ma, kashewa ta fi riba ta fuskar kati. Inda yake da 'yar gaskiya shi ne doguwar fitila da enaji: yawan kunnawa yana cinye musu kwana, don haka aka saba cewa in za ka dawo cikin minti 15 ka bar su a kunne. LED kuwa babu ruwansa da wannan. Abin da ke kashe shi zafi ne, da rufe shi cikin gilashin ado da iska ba ta shiga, da wuta mai ƙarfi da ta zo babu sallama. Ka gaya wa maƙwabcin naka cikin raha cewa iliminsa na zamanin cok da sitata ne.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa, domin shi ne ya bambanta gidajenmu da na ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta. Su matsalarsu mutum ya fita ya bar ƙwai yana ci yana gani. Mu tamu ta fi wannan wayo. Ana zaune da daddare, ƙwai takwas a kunne, fanka uku, talabijin, sai a ɗauke wuta. Kowa ya ce "kai, sun ɗauke", a laluba tocila ko fitilar waya, a yi 'yar hira a tsakar gida, a kwanta. Wa zai tuna da makunni a cikin duhu? A idon kowa an riga an kashe komai. Ƙarfe biyun dare a dawo da ita, gida ya haske tar har gari ya waye, kowa yana barci. Ko kuma a ɗauke da safe ana shirin makaranta, a kulle gida a fita, ta dawo ƙarfe goma ta wuni tana yi wa kujeru hidima. Yawancin awowin asarar da na lissafa maka a sama daga nan suke fitowa, kuma babu yaron da za ka kama da laifi, tunda a lokacin da ya fita daga ɗakin babu wutar da zai kashe.

Na taɓa zuwa wani gida haɗa inbata. Da na gama na kashe duk abin da mai gidan ya nuna mini, sai na ga har yanzu akwai lodin wat 100 a kan layi. Muka zaga gidan kaf ba mu ga komai ba. Can sai uwargida ta tuna da wani sito a bayan kicin da ake ajiye buhunan hatsi. Aka nemo makulli aka buɗe, ga ƙwai mai zare yana ci, ya yi baƙi da ƙura, makunninsa yana bayan buhuna. Wani ya shiga ɗibar gero ranar da babu wuta, ya danna makunni bai ga haske ba, ya fita ya ja ƙofa. Babu wanda ya iya tuna ko yaushe ne. A gida mai samun wutar awa 20, wannan ƙwai ɗaya yunit 2 yake ci kowace rana, 60 a wata.

Don haka dokar farko da zan ba ka ita ce ta lokacin ɗauke wuta. Da an ɗauke, kafin kowa ya zauna, mutum ɗaya ya ɗauki tocila ya zaga ya kashe duk makunnai da soket-soket, a bar ƙwai guda ƙarami a inda za a gan shi, wanda zai ba da labari in an kawo. Wannan zagayen ba kati kaɗai yake tsarewa ba. Wutar da ta dawo sau da yawa da ƙarfi take zuwa a daƙiƙun farko, ita ce take ƙona talabijin da caja. Mafi muni kuma dutsen guga da aka bari a kan tufafi, ko hita a cikin bokitin roba, an manta da su saboda an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Gobara da yawa haka take tashi. Kuma tunda in babu wuta ba a gane makunni a kunne yake ko a kashe, ka samo jan farce ko ɗan fenti ka ɗiga a gefen da in an danna ya zama a kashe. Yaro ɗan shekara biyar ma zai gane: a danna wajen ja.

Game da yadda za su saba, tsawa ba ta gina ɗabi'a, tana koya wa yaro ne ya kashe ƙwai in ya ji tarin Baba a zaure. Ka tuna gidan da muka tashi. Babu wanda ya taɓa yi wa iyayenmu lacca a kan su hure aci-bal-bal ko su rage lagwanin fitilar ƙwai, saboda kananzir ana ganinsa yana sauka a kwalba, kuma an san wanda za a aika sayowa cikin dare. Lantarki ba a ganinsa, shi ya sa yaro yake ɗaukarsa kamar iska. Aikinka shi ne ka sa a gan shi. Ka ba babban cikinsu ɗan littafi, kowace safiya kafin ya tafi makaranta ya rubuta yunit ɗin da ya rage a mita, ya cire daga na jiya, ya faɗa wa kowa a wajen karin kumallo: jiya mun ci bakwai, yau mun ci biyar. Gani ya kori ji. In kati ya ƙara kwana biyu a kan yadda ya saba, ka sayo musu tsire ko fura da nono daga cikin abin da ya ragu, ka faɗa musu daga ina kuɗin ya fito. Za ka sha mamakin yadda ƙananan za su koma 'yan sandan manya.

Sannan ka ɗaura abin a jikin wani abu da gidan ya riga ya saba da shi, kada ya tsaya a "ku riƙa tunawa". Mu kuwa muna da agogon da ba ya kuskure, lokutan salla. Wanda ya dawo daga masallaci da asuba, in gari ya fara haske, shi zai kashe na ƙofar gida da zaure da tsakar gida. Ba a kunna na waje sai an kira magariba. Bayan isha, wanda zai kulle ƙofa shi zai yi zagayen ƙarshe. Kowane zagaye da sunan mai shi, domin aikin kowa da kowa ba ya da mai yi. Kuma Malam, ka yi haƙuri da wannan: a gidaje da yawa da na shiga, wanda yake barci a falo ya bar talabijin da fanka da ƙwai har asuba ba yaro ba ne. In suka ga ka tashi da kanka ka koma ka kashe abin da ka manta, ya fi faɗan wata guda.

Wani lokacin kuma laifin na mai wayarin ne. Akwai gidan da za ka tarar makunni ɗaya yana kunna ƙwai uku, na baranda da na tsakar gida da na hanyar banɗaki, saboda an yi tsimin waya lokacin gini. Akwai inda makunnin yake bayan ƙofa ko bayan durowa, sai an yi miƙa kafin a kai gare shi. Abin da yake da wahalar kashewa ba za a kashe shi ba. Ka kira mai gyara ya raba su, ya dawo da makunni daidai inda hannu yake faɗawa in za a fita. Dogon zaure ko matakalar bene a sa musu makunni biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Fitilun waje kuma akwai 'yar na'urar da muke ce wa fotosel, tana kunna su in duhu ya yi ta kashe in gari ya waye, ba ta da tsada, kuma ba ta mantuwa. In kuma ka lura wani ƙwan LED yana 'yar ƙyalli-ƙyalli bayan an kashe shi, ka sa a duba, sau da yawa an ɗora makunnin ne a kan waya marar wuta maimakon mai wuta. Cin da yake yi ba komai ba ne, haɗarin yana ga wanda zai hau canza ƙwan yana zaton babu wuta a ciki.

To amma kada a bar jaki a koma dukan taiki. Yunit 6 a rana ba ƙwai kaɗai ba ne, musamman in ka riga ka koma LED. Duk abin da aikinsa ya dafa, ya gasa ko ya sanyaya, shi ne mai babban ciki. Hita mai wat 1,500 in ta yi minti 20 a bokiti ta ci rabin yunit, abin da ƙwan wat 9 zai yi sama da awa 55 kafin ya ci. A lokacin hunturu, gida mai mutum takwas kowa da bokitinsa, yunit 4 sun tafi kafin a yi karin kumallo. Dutsen guga wat 1,000 ne zuwa sama, gara a tara kayan mako a goge a zama ɗaya da a riƙa ɗumama shi kowace safiya saboda riga guda. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000. Injin tura ruwa da aka bari tanki ya cika yana ambaliya, asara biyu ce. Firiza da robar bakinta ta saki, ko aka manna ta da bango a inda rana take dukanta, ba ta hutawa. Wadda aka fi raina ita ce fankar sama. Wat 70 take ci ko kusa da haka, kuma ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa da iskar da take kaɗawa. Fanka ɗaya da aka bari awa 8 a ɗakin da babu kowa, a wata ta ci kusan yunit 17, daidai da asarar ƙwayayen LED 12 ɗin nan gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin amfanin koya wa yara kashe ƙwai ya wuce ƙwan. Hannun da ya saba kai wa bango in za a fita, shi ne zai kashe fanka.

In kana son ka kama ɓarawon da idonka, mitar da kanta za ta nuna maka. A jikinta akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta wata lamba, misali 1000 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa 1,000 ita ce yunit ɗaya. In lambar taka 1000 ce, ka ƙirga daƙiƙu tsakanin ƙiftawa biyu, ka raba 3,600 da su, abin da ya fito shi ne wat ɗin da gidan yake ja a lokacin. Daƙiƙa 36 wat 100 ke nan, daƙiƙa 3 wat 1,200. In lambar 1600 ce sai ka raba 2,250 a maimakon 3,600. Ka kashe komai na gidan, ka tsaya ka kalle ta. In ta ci gaba da ƙiftawa, ko akwai irin ƙwan siton nan, ko waya tana yoyo a cikin bango, ko kuma wani ya jona da layinka. In ta tsaya, sai ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya kana ƙirgawa. Ka yi wannan da yaran a tsaye kusa da kai, su ga yadda take tafiyar hawainiya in an kunna ƙwai, su kuma ga yadda take rawa in an jona hita. In mitarku tana can saman falwaya, ɗan akwatin loda kati ne kawai a ɗaki, sai ka yi da littafin nan: yunit kafin kwanciya, yunit da asuba.

Akwai wuraren da ba na son a yi tsimi a kansu. Hanyar banɗaki in akwai tsoho ko mai juna biyu a gida, matakala, ƙofar gida, da tsakar gida a lokacin zafi da kunama take yawo. Ƙwan wat 3 ya kwana a kunne awa 10, a wata bai cika yunit ɗaya ba, kuɗinsa wajen naira 200. Karayar ƙugun tsohuwa ta fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Haka ɗakin da yara suke karatu, a ba su haske sosai. Da rana kuwa a ɗaga labule a buɗe taga, kuma in an zo fenti a zaɓi fari ko mai haske, ɗaki mai duhun bango yana neman ƙwai biyu a inda ɗaya zai isa. Bayan hunturu a sa tsumma busasshe a goge ƙurar da ta lulluɓe ƙwayayen, a kashe tukuna.

Ba ka ambaci janareta ko sola ba, amma tunda gidaje da yawa suna haɗawa, lissafinsu daban ne. Ƙaramin janareta kusan man da yake sha da lodi kaɗan shi yake sha in ka rage ƙwai biyu, saboda injin yana juyawa a gudu ɗaya ko da me aka ɗora masa. In kana son tsimin mai, ka tara ayyukan da suke buƙatarsa a lokaci guda, in an gama a kashe injin gaba ɗaya. A kan batir kuwa kowane wat yana da daraja. Batir mai bolt 12 da am 200, wato wanda aka rubuta wa 200Ah, yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, wato yunit 2.4, amma in irin mai ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata ka ja in kana so ya yi shekaru, inbata kuma ta ci nata kason, sai ya rage maka wajen 1,000. Ƙwai biyar masu wat 9 da suka kwana a kunne awa 10 sun sha 450, kusan rabi. Mai zare guda na wat 100 kuwa shi kaɗai zai shanye shi tas, ƙarfe huɗun asuba inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya, sauro ya samu wuri.